Babi na Tara: Makaman da Ke Shawara da Juna

Tun kafin a shimfiɗa kwalta a babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Togo har iyakar Burkina Faso, Bahaushe ya san Sokode. Ta gabas ya shigo mata. Fataken Kano da Katsina masu zuwa Gwanja sayen goro sukan keto ƙasar Borgu, su sauka Jugu a Benin ta yau, su yada zango a ƙasar Kotokoli, sannan su miƙa Salaga. Unguwar Didawure da ke cikin Sokode, inda baƙi Musulmi 'yan kasuwa suka zauna, ragowar wancan zamani ce, kuma har gobe mai jin Hausa ba zai ɓata a kasuwar garin ba.

Ayarin goro ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu mai yanke shawara, akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya. Mutane da jakuna sukan yi yawan da na gaba ba ya ganin na baya, amma dole kowa ya isa zango a tare kafin faɗuwar rana, domin wanda ya yi gaba shi kaɗai da wanda aka bari a baya duk abincin 'yan fashi ne. Saboda haka saƙo ke ta yawo daga baki zuwa baki: na gaba ya sassauta, na baya ya ɗaga ƙafa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da injiniyoyin yaƙi ke nufi idan suna maganar haɗa linzamin makamai masu yawa ta hanyoyin sadarwa. Abin da suke nema shi ne makamai masu linzami goma ko ashirin, da aka harba daga wurare dabam-dabam, su riƙa gaya wa juna inda suke da lokacin da ya rage musu, har su sauka a kan abu ɗaya cikin sakan ɗaya.

Togo ba ta da irin waɗannan makamai, haka ma maƙwabtanta. Amma matakin farko na wannan tsani ya riga ya iso sararin samaniyar Dapaong a arewacin Togo, kuma ya riga ya ci rayuka. Kafin mu je can, sai mu ga yadda abin yake aiki a inda aka ƙirƙiro shi.

Dalilin son isa a tare ba ɓoyayye ba ne. Duk wata garkuwar sama tana da iyakar abin da za ta iya tarewa a lokaci guda. Idan makamai suka zo ɗaya bayan ɗaya, sai ta yi ta kakkaɓo su a tsanake. Idan suka zo a tare ta kusurwoyi da yawa, sai su fi ƙarfinta. Masu igwa na sojan Birtaniya sun gano haka a hamadar Afirka ta Arewa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda suka lura cewa harsasan farko ne ke yin ɓarna, kafin abokan gaba su faɗa ramuka. Sai kowace igwa ta lissafa tsawon lokacin da harsashinta zai yi a sama, na nesa ya fara harbawa, na kusa ya jira. Da siginar lokaci ta gidan rediyon BBC hafsoshin suke saita agogunansu. Wannan dabara ce Iran ta bi a daren 13 ga Afrilun 2024, lokacin da ta harba wa Isra'ila jirage marasa matuƙa kimanin 170, da makamai masu linzami masu tafiya ƙasa-ƙasa sama da 30, da masu hawa ƙololuwar sama su faɗo sama da 120, bisa alƙaluman sojan Isra'ila. Jiragen suna buƙatar sa'o'i kafin su isa, su kuwa na ƙarshen mintuna kaɗan, don haka aka jera lokacin tashinsu. Sai dai a wannan tsari kowane makami kurma ne. An ba shi lokacinsa tun daga gida, kuma idan iska ta jinkirta ɗan'uwansa ba zai sani ba.

Tarayyar Sobiyet ce ta fara ƙoƙarin buɗe musu kunne. Makaminta na nutsar da jiragen ruwa mai suna Granit, wanda ya shiga aiki a 1983, ana harba shi ne a gungu. Yadda Rashawa ke bayyana shi, ɗaya daga cikin gungun yakan hau sama ya leƙa da na'urarsa ta rada, ya raba wa sauran da ke bin saman ruwa jiragen da kowa zai nufa. Idan aka harbo shi, wani ya hau ya maye gurbinsa. Wannan tsari ne na shugaba da mabiya, kuma rauninsa a fili yake: kowa ya dogara da baki ɗaya.

Masana lissafi suka nemi hanyar da ba ta buƙatar shugaba. A 2006 Farfesa Min-Jea Tahk na Koriya ta Kudu da abokan aikinsa suka wallafa hanyar da makami zai bi ya isa a daidai lokacin da aka ƙayyade masa, a 2010 kuma suka nuna yadda makaman za su cimma lokacin a tsakaninsu ba tare da an ƙayyade musu ba. Tunanin mai sauƙi ne, lissafin ne mai wuya. Kowane makami yana ƙiyasta sakan nawa suka rage masa, ya faɗa wa na kusa da shi, ya kuma ji nasu. Makami mai linzami ba shi da birki kamar mota, ba ya tsayawa ya jira. To wanda ya ga zai riga sauran sai ya lanƙwasa hanyarsa ya yi zagaye, wanda ya ga ya makara kuma ya miƙe ɗoɗar. A haka bambancin ke raguwa har ya ɓace. Abin da ya fi burge masana shi ne ba sai kowa ya ji kowa ba. Muddin babu wanda ya yanke gaba ɗaya daga sauran, muddin saƙo zai iya bi ta wannan ya kai ga wancan, ƙarshenta bakinsu zai zo ɗaya. Da wannan lissafin ne ake sarrafa ɗaruruwan ƙananan jirage marasa matuƙa, kuma ana amfani da danginsa wajen daidaita injinan wutar lantarki da ke kan layi guda.

Duk wannan yana kan takarda ne sai an samu hanyar da saƙon zai bi. Wadda ƙasashen NATO suka fi dogara da ita sunanta Link 16, kuma tsarinta abin a tsaya a duba ne. An yanyanka kowane sakan gida 128, an raba gidajen ga jirage da na'urorin rada da ke cikin wannan zaure na sadarwa, kowa ya san lokacin da zai yi magana da lokacin da zai yi shiru ya saurara. Domin kada abokin gaba ya toshe zancen, siginar ba ta zama a mita ɗaya, tana ta tsalle ne tsakanin mitoci 51, sau dubu saba'in da wani abu a kowane sakan, bisa jerin da 'yan zauren kaɗai suka sani. Babu wata tashar tsakiya da idan an rusa ta komai zai tsaya. Amma fa duk ginin a kan agogo yake. Wanda agogonsa ya kauce ko da ƙiftawar ido, zai yi magana a gidan wani, ya saurara a mitar da aka riga aka bari.

Abin da kaucewar agogo ke jawowa ya faru a Dahran ta Saudiyya ranar 25 ga Fabrairun 1991. Na'urar Patriot da ke tsaron sansanin sojan Amurka ta yi sa'o'i kusan 100 a kunne ba a kashe ta an sake tayarwa ba, kuma wani ɗan kuskure a yadda kwamfutarta ke ƙirga lokaci ya yi ta taruwa har ya kai kashi ɗaya cikin uku na sakan. A cikin wannan ɗan lokaci makamin Scud na Iraƙi yana tafiyar fiye da rabin kilomita. Na'urar ta hango shi, ta sake dubawa a inda lissafinta ya ce zai kasance, ba ta gan shi ba, sai ta ɗauka babu komai. Sojoji 28 suka mutu. Gyaran manhajar ya iso washegari.

Ko agogo ya zauna daidai, akwai masu toshe sigina da masu aiko ta bogi. A yaƙin Ukraine, harsasan igwa masu bin GPS da Amurka ta bayar sun riƙa ɓata hanya saboda na'urorin Rasha, har ta kai ɓangarorin biyu sun koma ɗaura wa ƙananan jiragensu marasa matuƙa siririn zaren gilashi mai tsawon kilomita goma ko fiye, domin umarni ya bi ta cikin zare maimakon iska. Ita kanta Amurka, a gwajin farko na shirinta mai suna Golden Horde a ƙarshen 2020, bama-bamai biyu da jirgin F-16 ya saki sun yi magana da juna lafiya lau, amma wata matsalar manhaja ta hana abin da suka yanke ya isa ga linzaminsu, ba su sami abin da suka zaɓa ba. Sai a gwaje-gwajen 2021 aka shawo kan abin.

Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan zurfi, wadda Leslie Lamport da abokansa biyu suka warware a 1982: idan ɗaya daga cikin masu shawarar yana faɗin ƙarya, ko don ya lalace ko don an saye shi, ta yaya sauran za su tsira? Amsarsu ita ce dole masu gaskiya su haura kashi biyu cikin uku. Domin a jure wa maƙaryaci ɗaya sai an kai huɗu, domin biyu sai an kai bakwai. Sai dai wannan lissafin yana aiki ne idan kowane ɗaya ya san gaskiyar da kansa. Idan duk su bakwai ɗin daga majiya ɗaya suka ɗebo labari, kuma majiyar ta yi kuskure, to yawansu ba shi da amfani, za su haɗa baki a kan kuskuren cikin natsuwa da cikakken tsari. A nan ne nake ganin masu tallan waɗannan makamai ba sa son a daɗe. Duk dabarun da muka zayyano suna amsa tambaya biyu ne, yaushe da kuma a ina. Babu ɗaya da ke amsa ta ukun, wato wane ne za a harba. Ranar 3 ga Yulin 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes, ɗauke da na'urar Aegis wadda babu kamarta a lokacin, ya harbo jirgin fasinjan Iran da ya taso daga Bandar Abbas zuwa Dubai, mutum 290 suka hallaka. Na'urar ta rubuta cewa jirgin hawa yake yi. Mutanen da ke ɗakin umarni, da suka riga suka sa a ransu cewa hari ke tafe, suka gaya wa juna cewa saukowa yake yi ya far musu. Makamai biyu aka harba, kuma linzaminsu bai yi kuskure ba.

Yanzu mu koma Togo. Daga Sokode hanya takan hau tsaunin Aledjo, ta wuce Kara da Mango, ta isa Dapaong, hedikwatar yankin Savanes, ƙasar Moba da Gurmawa, inda Fulani ke kiwo, Hausawa da Mosawa ke kasuwanci har zuwa Cinkasse a bakin iyaka. Tun a 2018 gwamnati ta girke rundunar Koundjoare a yankin, ganin wutar da ke ci a gabashin Burkina Faso. A Nuwamban 2021 aka kai hari na farko a Sanloaga, sojoji suka daƙile shi. A daren 10 ga Mayun 2022 aka afka wa sansanin Kpekpakandi, sojoji 8 suka mutu, 13 suka jikkata, ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta ɗauki alhaki. Ranar 13 ga Yuni aka kafa dokar ta-ɓaci a Savanes, wadda aka yi ta tsawaitawa tun daga lokacin. A Afrilun 2023 Shugaba Faure Gnassingbe ya ce an rasa sojoji kimanin 40 da fararen hula kimanin 100.

A shekarar 2022 ne Togo ta samu jiragen Bayraktar TB2 na kamfanin Baykar na Turkiyya, watanni bayan ziyarar da Shugaba Erdogan ya kai Lome a Oktoban 2021. Nijar da Mali da Burkina Faso da Najeriya duk sun sayi irinsu. Jirgin yana iya yin yini da kwana a sama, yana ɗaukar ƙananan bama-bamai huɗu masu bin hasken leza. Shi ma ɗan ƙaramin zaure ne na sadarwa: jirgi a sama, matuƙi da mai duba kyamara a cikin wani ɗaki a ƙasa, kwamanda a wani wurin, da igiyar rediyo da ta haɗa su. Igiyar tana son fili ba tare da tsauni ya gitta ba, kuma zangonta bai wuce 'yan ɗaruruwan kilomita ba, shi ya sa wanda ke zaune a Lome ba zai tuƙa shi a saman gundumar Kpendjal da ke Savanes ba sai an kai tashar arewa. Bom ɗin ba ya shawara da kowa. Inda ɗigon leza ya tsaya, nan zai sauka.

A daren 9 wayewar 10 ga Yulin 2022, daren Babbar Sallah, wani abu ya fashe a ƙauyen Margba da ke gundumar Tone, wadda Dapaong ce hedikwatarta. Yara bakwai suka mutu, biyu suka jikkata. Ranar 14 ga wata rundunar sojan Togo, ƙarƙashin babban hafsanta Janar Dadja Maganawe, ta fito ta amsa cewa aikinta ne. Ta bayyana cewa ta samu bayanan sirri da suka yi daidai da juna game da 'yan bindiga da ke shirin kutsowa, sai wani jirginta da ke sintirin dare ya ga gungun mutane, ya ɗauke su jerin mayaƙa a kan hanya. A yaba wa rundunar da ta amsa cikin kwanaki, domin a yankinmu musu aka saba ji. Amma a lura da jerin yadda abin ya faru. Labari ya riga kyamara isa. Kyamarar dare zafin jiki take nunawa, ba ta nuna fuska, ba ta nuna shekaru, ba ta nuna sabon ɗinkin Sallah. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a Margba ji ne ya gaya wa ido abin da zai gani.

Mutanen Kaduna sun san wannan labari. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgin sojan ƙasa marar matuƙi ya jefa bom a kan masu Maulidi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga gawa 85, babban hafsan sojan ƙasa Laftanar Janar Taoreed Lagbaja ya je ya ba da haƙuri. Da a ce a Margba ko Tudun Biri akwai makamai takwas masu shawara da juna, masu isa a sakan ɗaya, da babu ɗaya cikinsu da zai ce a dakata. Abin da zai ƙaru kawai shi ne yawan kaburbura.

Hanyar sadarwar da Savanes ta fi buƙata kuwa kullum ƙara tsinkewa take. A 2017 Togo da Gana da Benin da Kwaddibuwa da Burkina Faso suka kafa Shirin Accra domin musayar bayanai da sintirin haɗin gwiwa. A Janairun 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS. Togo ta yi ƙoƙarin riƙe zumunci da ɓangarorin biyu, amma mayaƙin da ke kan babur yana tsallaka iyakoki uku a dare ɗaya, alhali labarinsa sai ya bi ta manyan birane kafin ya isa ga sojan da ke bakin iyaka. A ƙasa ma haka abin yake. Wanda ya san cewa matasan da ke tafe a hanya da tsakar dare daga bikin Sallah suke, mai unguwa ne da liman da mai shayi. Makiyayin da ya ga baƙin babura a daji shi ne farkon wanda ya sani, amma idan ya san cewa kai rahoto zai sa a fara zarginsa saboda shi Bafulatani ne, ko kuma mayaƙan su dawo su yanka shi ba mai kare shi, shiru zai yi. Mutanen Sokode kuma ba su manta ba cewa bayan zanga-zangar da ta tashi a Agustan 2017 gwamnati ta katse intanet a watan Satumba, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa doka a Yunin 2020. Hukumar da ke rufe layi idan jama'a na magana, sai ta yi aiki tuƙuru kafin jama'ar su yarda su kira ta a kan layin.

Ba ina cewa Togo ta ajiye jiragenta ba ne. Ƙasar da ake yanka manomanta a gona tana da haƙƙin ta sa ido daga sama, su ma mayaƙan JNIM a Mali da Burkina Faso sun fara ɗaura wa ƙananan jirage marasa matuƙa na kasuwa bama-bamai. Abin da ke tafe ne abin tsoro. Kamfanonin Turkiyya da China suna ta tallan gungun jirage masu raba aiki a tsakaninsu, kuma farashinsu sauka yake yi. A Disamban 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan makaman da ke zaɓar wanda za su kashe da kansu, ƙasashe 152 suka goyi baya, bayan da Antonio Guterres da shugabar ƙungiyar Red Cross ta duniya suka nemi a kammala yarjejeniya a kai zuwa 2026. Manyan masu ƙera makaman ba su nuna gaggawa ba.

Mu da za a yi shawagi a kanmu bai kamata mu jira su ba. Duk lokacin da aka kawo batun tsawaita dokar ta-ɓaci gaban majalisa a Lome, ko kasafin sayen jirage gaban majalisa a Abuja, wakilan Tone da Kpendjal da Sokode da Igabi suna da damar tambaya: wane hafsa ne ke ba da umarnin harbi, majiya nawa masu zaman kansu ake buƙata kafin ya bayar, shin ana tuntuɓar wani a ƙauyen, kuma wa ke ajiye hoton bidiyon bayan an harba? Mai karatu, idan kana da ɗan majalisa a waɗannan wurare, kai masa waɗannan tambayoyi tun kafin a sa hannu a kan kwangila ta gaba.